Kokwambar teku: dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwa amma take ba fatarta umarni

 Yau mun ɗan bar siyasa da maganar matasa a gefe, za mu nutsa cikin teku. Ga waɗanda ba su samu sauraro ba, ga shirin a rubuce.

Akwai wata dabba da ake kira kokwambar teku. Sunan ya samo asali ne daga siffarta, doguwa ce mai laushi, tana kwance a ƙasan teku tana cin yashi da dagwalo. Danginta su ne tauraruwar teku da bushiyar teku, kuma nau'o'inta sun haura 1,000. Ba ta da ƙashi irin namu, ba ta da ido, ƙwaƙwalwa ma babu. Abin da take da shi shi ne zoben jijiya da ya kewaye bakinta, sai jijiyoyi biyar da suka miƙe har ƙarshen jiki, kowace tana tafiya tare da doguwar tsoka.

To tambayar ita ce, wa ke ba da umarni? Wa ke cewa tsoka ta takure ko ta saki?

Wani ɓangare na amsar yana cikin wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira niyurofeftayid. Ni dai ina kiransu ƴan aiken jijiya, don aikinsu ke nan. Jijiya ce ke ƙera su daga ƴan tubalan da ake gina furotin da su, wato amino asid, ta sake su, su je su sauka a kan tsoka su isar da saƙo. Mu ma muna da irinsu. Oksitosin da ke sa mahaifa ta takure lokacin naƙuda, ɗaya ne daga cikinsu.

A 1991 Maurice Elphick da abokan aikinsa suka gano wani gida na waɗannan ƴan aike a jikin tauraruwar teku, suka sa musu suna SALMFamide. Kar sunan ya firgita ku, haruffan kawai jerin amino asid ɗin da ke ciki ne. A shekara mai bi, masu bincike a Puerto Rico suka samu ɗan wannan gida a cikin kokwambar teku, daga baya kuma suka ga cewa idan aka zuba shi a kan hanjin dabbar ko doguwar tsokarta, sai ta saki, ta yi laushi. Can ƙasar Japan kuma aka ciro wani daga kokwambar da suke ci suna kira namako. Shi wannan, NGIWYamide, amino asid biyar ne kacal, aikinsa kuma akasin na farko ne, yana sa doguwar tsokar ta takure. Ɗaya ya ce ja, ɗaya ya ce saki. Da irin wannan ja-in-ja dabbar take miƙewa ta dunƙule ta matsa gaba.

Amma wurin da ni abin ya fi ɗaure min kai ba tsoka ba ne, fata ce.

Fatar kokwambar teku mai kauri ce, cike da zaren kolajin, irin wanda ke cikin fatarmu da jijiyar agara. Namu yadda yake haka yake, ba ka isa ka ce wa agararka yi laushi yanzu ba. Ita kuwa cikin daƙiƙoƙi zuwa ƴan mintuna za ta mayar da fatarta laushi kamar kunu mai kauri, ta kutsa cikin tsagin dutse, sannan ta ƙame ta yi tauri ta yadda kifi ba zai iya zaro ta ba. Akwai ma nau'in da idan aka murza shi da ƙarfi, fatar narkewa take a hannun mutum. Tatsuo Motokawa na Japan ya shafe shekaru a kan wannan, kuma binciken da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1998 ya nuna NGIWYamide ɗin nan yana ƙara wa fatar tauri, wasu da aka kira holokinin kuma suna sa ta laushi. Zaren kolajin ɗin ba ya canzawa, abin da ke canzawa shi ne yadda zaruruwan ke riƙe juna, ko su kama ko su zame.

Ribar a fili take. Gwada dunƙule hannunka da ƙarfi na minti biyar ka ji. Tsoka na cin kuzari muddin tana riƙe. Ƙamewar fata kuwa ɗan kaɗan take ci, kuma dabbar da abincinta yashi ne ba ta da kuzarin ɓarnatarwa.

Wani abu da ya burge ni: a 2012 Elphick ya koma ya duba asalin waɗannan sinadarai, sai ya tarar holokinin ɗin gutsure ne na kolajin kansa, ba jijiya ce ta ƙera shi ba. Yana aiki a ɗakin gwaji, amma ba ɗan aike ba ne irin sauran. Shi NGIWYamide kuwa ya tabbata na jijiya ne.

Na san wani zai ce, to malam, ina ruwanmu da wannan? Ai kuɗi ne a ciki, da kuma rayuwar dabbar kanta. Busasshiyar kokwambar teku abinci ce mai tsada a Sin, har suna kiranta da sunan da ke nufin jinsin na teku, wato saiwar maganin nan tasu mai daraja. Buƙatar ta sa an kwashe ta fiye da kima a gaɓar tekuna da yawa, har namakon Japan ɗin ta shiga jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Mafita ita ce kiwo, kiwo kuma ba ya yiwuwa sai dabbar ta saki ƙwai lokacin da ake so. A 2009 masu bincike a Japan suka gano cewa allurar NGIWYamide, ƴar mitsitsiya, tana sa balagaggiyar namako ta hau bangon tanki, ta ɗaga gabanta tana kaɗa kai hagu da dama, sannan ta saki ƙwai ko maniyyi. Saboda wannan kaɗa kai suka raɗa masa suna kubifrin, daga kalmar Japananci mai nufin kaɗa wuya. Sinadarin da aka fara nazarinsa don son sanin yadda tsoka ke takurewa, shi ne ya koma kayan aikin masu ƙyanƙyasa.

Injiniyoyi ma sun kwaikwayi fatar. A 2008 wasu masana a Jami'ar Case Western Reserve da ke Amurka suka ƙera wata roba mai tauri wadda take yin laushi idan ta jiƙe. Manufarsu ita ce ƴan siraran wayoyin da ake dasawa a ƙwaƙwalwar marasa lafiya: su zama da tauri lokacin shigarwa, su yi laushi bayan sun shiga don kada su riƙa jin wa nama ciwo.

Nan za mu tsaya a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba.