Me Mai Gina Shafukan Intanet Yake Yi Duk Rana?

Mutane da yawa suna zaton mai gina shafukan intanet wuni yake yana ƙirƙirar sabon abu. Alhali galibin lokacinsa wajen farautar kuskure da gyara yake tafiya. Da HTML yake kafa ginshiƙin shafi, CSS ya ƙawata shi, JavaScript ya sa maɓallai su yi aiki. Sannan dole ya gwada a ƙaramar wayar Android inda sabis ke da rauni, domin hoto ɗaya mai nauyi kan cinye datar mai ziyara har ya gudu.

Aikin kuma yakan bi shi har gida. Idan shafin ɗan kasuwa ya daina buɗewa da tsakar dare, ciniki ya tsaya, shi za a tasa daga barci. Shi ya sa gogaggu ba sa sakin sabon gyara da yammacin Juma'a.