Rumfar Sa: Abin da Zafin Bazara ke Ci wa Masu Turka a Dakoro

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a Dakoro yakan wuce digiri 40 kafin azahar. A daidai lokacin ne mai turka ke kashe kuɗi mafi yawa, domin ciyawar daji ta ƙare, sai harawa da dusa da angurya na saye. Zai sayo ramammen sa, ya ɗaure shi a turke wata uku ko huɗu, ya mai da shi kasuwa da maiƙo. Lissafin abinci kowa ya iya shi. Na inuwa ne ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Tumbin sa yana fitar da zafi yayin narka abinci. Idan rana ta ƙara nata, dabbar takan rage ci don ta sauƙaƙa wa kanta. Sai a gan ta tsaye, wuya a miƙe, tana haki, yawu na dalala, ga dusa a kwarya ƙudaje na bi. Ɗan abin da ta ci ma, maimakon ya zama tsoka, ya tafi wajen sanyaya jiki.

An gwada tasirin inuwa a Jami'ar Texas Tech ta Amurka a farkon shekarun 2000. Karsanan da aka yi wa rumfa sun fi na cikin rana ci da saurin ƙiba, kuma an samu ƙarancin baƙin nama a cikinsu. Mahauta sun san irin naman nan: duhu, bushe-bushe, ba ya jure ajiya. Dalilinsa shi ne wahala tana ƙone sukarin da ke ajiye cikin tsoka, wanda shi ke sa nama ya yi ja mai haske bayan yanka. A Yunin 2022 kuwa, zafi ya kashe shanu aƙalla 2,000 a jihar Kansas ta Amurka cikin 'yan kwanaki.

Gaskiya ne shanun Azawak da na Bororo, masu tozo da laɓa, sun fi na Turawa jimirin rana nesa ba kusa ba. Amma na makiyayi a Kwarin Tarka yana da 'yancin neman gindin aduwa idan rana ta take. Na turke igiya ta hana shi, kuma yana ƙara ƙiba zafi na ƙara kama shi.

Maganin bai fi ƙarfin talaka ba. Gawo, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani, yana ba da inuwa lokacin da ake bukatarta, 'ya'yansa kuma abinci ne. Manoman jihar Maradi sun dukufa wajen rainon irin waɗannan itatuwa a gonaki tun shekarun 1980. Inda babu itace, rumfar karan gero ta wadatar, a jibga harawa a samanta, ta ƙara kauri kuma awaki ba su kai gare ta. Kwanon rufi ne abin taka-tsantsan: in aka yi shi ƙasa-ƙasa, gasa dabbar yake yi. A ɗaga shi sosai, a bar gefuna a buɗe iska na ratsawa, a kuma ajiye ruwan sha cikin inuwar, a riƙa ba da abinci mai nauyi da sassafe da bayan la'asar.