Tukwanen Ladi Kwali: Yadda A Ke Gane Su, Da Abin Da Su Ka Tasar Ma

Duk wanda ya juya takardar naira ashirin zai ga hoton wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta rasu a Minna cikin 1984. Abin da ya sa mu ka ɗauko zancenta shi ne, a cikin 2021 an yi gwanjon wani tulu nata a birnin London, aka saye shi fiye da fam 100,000. To, ga shi kuwa akwai gidajen tsofaffin ma'aikata da malamai inda irin waɗannan kaya su ke ajiye a lungu, ƙura ta rufe su, magada ba su san abin da su ke riƙe da shi ba. Dillali ya zo ya ba su abin goro, ya yi gaba da dukiya.

Asalin abin kuwa, wani Bature magini mai suna Mista Michael Cardew shi ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja cikin 1952, watau tsohuwar Abuja wadda a ke kira Suleja yanzu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanen Ladi a gidansa, can Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari.

Wanda ya sami tulu yana zaton nata ne, sai ya fara kife shi a hankali bisa tabarma ya dubi gindin. Kayan makarantar suna ɗauke da ɗan hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, an danna shi tun yumɓu yana ɗanye. Kusa da shi akwai alamar maginin, tata kuwa haruffa biyu ne na boko, LK. Amma a lura, hatimin Abuja kaɗai bai ce aikin Ladi ba ne, gama akwai waɗansu gwanaye da su ka yi aiki a wurin, kamar Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa. Alamar da aka kankara da wuƙa bayan gashi, bakinta ya kan yi kaushi, kada a yarda da ita.

Sa'an nan a ɗaga shi a ji nauyi. Manyan tulunanta da hannu ta gina su, irin ginin matan Gwari, ba a kan injin juyi ba. Amma yumɓun na dabam ne, an gasa shi da wuta mai tsananin zafi har ya zama kamar dutse, an kuma shafe shi da ruwan tangaran mai duhu. Saboda haka ya fi tulun kasuwa nauyi nesa. Abin dariya, tulu ne wanda ba ya sanyaya ruwa, don ba ya tsattsafo, ba kuwa macen da za ta so ɗaukarsa zuwa rafi. Na kallo ne.

A ganina zanen ya fi hatimi faɗin gaskiya. Ta kan raba jikin tulu gida gida, ta zana ƙadangare, ko kunama, ko kada, ko hawainiya, ko kifi, ta cika cikinsu da ƙananan layuka. Hannunta ba ya rawa, layi guda ta ke ja ya tafi. Mai kwaikwayo ya kan tsaya ya gyara, idon da ya saba kuwa zai ga wurin.

Wajen kuɗi, babban tulu ginin hannu shi ne sarki. Kofuna da kwanonin da ta yi a kan inji ba su kai rabinsa ba, ko da ya ke su ma ba abin yarwa ba ne. Tsaga da ɓalli suna rage daraja ƙwarai. A ƙwanƙwasa da yatsa: lafiyayye ya kan yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ya amsa a dushe. Kada a goge shi da yashi, kada a shafa masa fenti, kada a liƙe ɓalli da siminti. In akwai wasiƙa, ko rasit, ko hoton da ya nuna yadda tulun ya shigo gidan, a adana su tare da shi, gama masu saye a Ingila da Amurka su kan tambayi wannan kafin su yi tayi.