Me Ya Sa Likita Tulp Ya Fara da Hannu?

A gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague a ƙasar Holan, akwai zanen da Rembrandt ya yi a 1632. Likita Nicolaes Tulp ne yake feɗe gawa, mutum bakwai na ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amsterdam sun zuba ido. Gawar ta Aris Kindt ce, wanda aka rataye a watan Janairun shekarar saboda fashi. Sai dai akwai abin ɗaure kai: cikin mamacin a rufe yake, ko ƙwarzane babu, amma an feɗe hannunsa na hagu har yatsu.

Ba haka ake yi ba. Zamanin babu firji, shi ya sa ake darasin da hunturu, kuma kayan ciki ake fara cirewa don su ne ke saurin ruɓewa. Gaɓoɓi sai daga ƙarshe. Rembrandt kansa, a zanen da ya yi na darasin fiɗar wani likita, Deijman, a 1656, ya nuna cikin da aka riga aka kwashe.

To kuskuren matashin mai zane ne? Da wuya. Likitocin ne suka biya kuɗin aikin, kuma ba za su rataya abin kunyarsu a zaurensu ba. Da gangan aka yi.

Bakin zaren yana cikin littafin Andreas Vesalius na 1543, wanda ya sauya ilimin sanin jikin ɗan Adam a Turai. A hotonsa da ke ciki, Vesalius na riƙe da feɗaɗɗen hannu. Tulp yana jera kansa da babban malami ke nan.

Amma abin bai tsaya nan ba, kuma nan ne ya fi burge ni. Da damansa Tulp ya ɗaga naman da ke lanƙwasa yatsu da ɗan ƙarfen kamu, da hagunsa kuma yana lanƙwasa nasa yatsun, yana nuna aikin naman a jikin mai rai. Tun zamanin Galen, likitan dā, masana ke ɗaukar hannu a matsayin babbar shaidar hikimar Mahalicci, don haka darasin rabinsa wa'azi ne. Tulp ya taso da wannan fahimta: a Leiden, inda ya yi karatu wajen Pieter Pauw, a cikin ginin coci aka gina zauren fiɗar, har aka tsayar da ƙwarangwal biyu a gindin bishiya a matsayin Adamu da Hauwa'u.