Tasawa da Mayahi: Yadda dashen akwatin karabo ke raya tsofaffin motocin kat-kat

Duk wanda ya san gundumomin Tasawa da Mayahi a Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ya san cewa da zarar mota ta sauka daga kan kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa ta nufi Damagaram, to magana ta koma ta rairayi. Ƙauyukan da ke bayan Urafan da Kanan Bakashe da Isawane, da waɗanda ke gefen Gulbin Kaba, mafi yawansu ba su da wata hanya sai sawun amalanke da na motocin da suka riga suka wuce. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina kuma taɓon fadama ya karɓa.

Wannan ne ya sa har yau tsofaffin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ake kira kat-kat, suke da daraja a yankin. Su ke fito da gero da wake da gyaɗa da aya zuwa kasuwa, su ke ɗauko awaki da 'yan kasuwa a kan kaya, kuma sau da yawa irinsu ne ke ɗauko mace mai doguwar naƙuda daga asibitin ƙauye zuwa babban asibitin gunduma. Galibinsu Toyota ne, wato Land Cruiser da Hilux, sai ɗaiɗaikun Land Rover da Nissan Patrol. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su, domin samfurin Land Cruiser 40 tun 1984 aka daina ƙera shi a Japan, a shekarar da samfurin 70 ya fito.

Abin da ya bambanta waɗannan motoci da sauran shi ne wani akwatin ƙarfe da ke manne a bayan akwatin giya, a ƙarƙashin mota. Direbobin Nijar na kiran aikinsa karabo, a Najeriya kuma an fi saninsa da ogzilari. Aikinsa biyu ne. Na farko, shi ke raba ƙarfin inji ya tura wani zuwa tayoyin baya wani zuwa na gaba. Na biyu, yana da ƙaramar giya wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfi, ta yadda mota mai lodi za ta iya rarrafawa ta fita daga yashi. Idan wannan akwati ya mutu, inji na nan lafiya, jikin mota na nan lafiya, amma ta tashi daga motar daji ta koma motar gari. Idan lalacewar ta yi tsanani ma ko motsi ba za ta yi ba, tunda ƙarfin tayoyin baya ma ta cikinsa yake bi.

Da muka dubi abubuwan da ke kashe shi, sai muka ga mafi yawansu ba tsufa ba ne kawai. Babban cikinsu rashin mai ne. A tsofaffin Land Cruiser akwai wata roba da ke tsakanin akwatin giya da na karabo, wadda idan ta ci, man karabo yakan riƙa hawa yana komawa cikin akwatin giya a hankali. Direba zai leƙa ƙarƙashin mota bai ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, hankalinsa ya kwanta, alhali akwati ɗaya ya cika ya batse, ɗayan kuma ya bushe. Sai ranar da ƙugi ya fara ne zai farga, a lokacin kuwa boris ya riga ya ƙone. Wasu makanikai kan haɗa bakunan zuba mai na akwatunan biyu da ɗan tiyo domin man da ya hau ya komo gida. Dabara ce mai aiki, amma ba ta maye gurbin sauya robar.

Sai kuma tafiya da karabo a kan kwalta. Waɗannan tsofaffin akwatuna idan aka sa su, suna ɗaure gaba da baya ne su juya tare daidai wa daida. A cikin yashi babu matsala, domin taya na iya ɗan sulɓewa. A kan kwalta kuwa, musamman a kwana, tayoyin gaba na yin tafiyar da ta fi ta na baya tsawo, kuma babu inda wannan bambanci zai fita, sai ya taru a haƙoran giya. Direban da ya fito daga daji ya hau titi a Maijirgi ya manta bai cire karabo ba har ya shiga Tasawa, ya rage wa akwatinsa kwana ko da bai ji komai ba a ranar. Haka ma wanda ya sa tayoyin gaba masu girma daban da na baya saboda su ya samu da araha.

To idan akwati ya fashe, me mai mota zai yi? Sabo dal ya fi ƙarfin mafi yawan masu waɗannan motoci, wani samfurin ma ba a samun sabonsa. Gyaran ciki kuma, idan haƙora sun kakkarye ko jikin akwatin ya tsage, yakan zama zuba ruwa a kwando. Shi ya sa ake komawa ga dashe, wato a ciro akwatin wata motar a ɗaura wa wannan. Ana samo su daga motocin da suka yi hatsari, da tsofaffin motocin ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da aka yi gwanjonsu, da kuma kayan da ake kira 'yan Kwatano, waɗanda ake ciro wa daga motocin Turai da Japan. Wanda bai samu a Maraɗi ko Damagaram ba, sai ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa.

A nan ne kuma gizo ke saƙar, domin ba kowane akwati ne ke shiga kowace mota ba, ko da sunansu ɗaya. Sandar da ke fitowa daga akwatin giya ta shiga na karabo tana da 'yan tsage-tsage a bakinta, kuma dole adadinsu ya zo daidai da na giyar da za ta karɓe ta. A Land Cruiser na da can mai giya uku, tsagin 10 ne. Da aka koma giya huɗu a shekarun 1970 ya zama 16. Daga 1980, lokacin da Toyota ta sauya fasalin akwatin daga dunƙulalle zuwa mai ɓari biyu, sai ya koma 19. A wannan sauyi ne kuma aka ɗauke birkin hannu daga bayan akwatin karabo aka mai da shi tayoyin baya. Ke nan wanda ya ɗaura sabon fasali a tsohuwar mota ba tare da tunanin wannan ba, zai tashi da mota babu birkin hannu. Mun sha ganin yaron mota na dirowa da guntun icce yana sa wa taya waigi, kuma wani lokaci asalin labarin ke nan.

Hilux ma haka take. Akwatinta na da, mai aiki da giya zalla babu sarƙa, akwai mai tsagi 21 akwai mai 23, kuma da ido daga waje ba ka bambanta su. Daga baya aka fito da mai sarƙa a ciki, wanda ba ya ɗauruwa a mazaunin na farkon sai da ƙarin ƙarfe. Haka nan ba a ɗaukar na Hilux a kai wa Land Cruiser, domin a Land Cruiser tulun aksul na baya ya karkata ne zuwa dama, na Hilux kuwa a tsakiya yake. In aka matsa aka haɗa, sandar da ke kai ƙarfi baya za ta kwanta a karkace, ta riƙa cin kanta tana girgiza mota.

Akwai kuma batun ƙarfin ƙaramar giya, wanda masu saye ba su cika tambaya ba. A akwatin Hilux na da, sandar shiga na juyawa sau 2.28 kafin ta fita ta juya sau ɗaya. A wasu Land Cruiser abin bai kai sau 2 cif ba, a samfurin 80 kuma ya kusa biyu da rabi. Land Rover da aka fara ƙerawa daga 1983 ta haura sau 3. Ga mai yawo a gari wannan lissafin banza ne. Ga wanda zai hau tudun yashi da buhunan gero da mutane a sama, shi ne bambancin fita da kwana a daji, ko kuma ƙona kulochi.

Amma a ganinmu kuskuren da ya fi kowanne tsada ba a cikin akwatin yake ba. Tsohuwar mota da ta shekara talatin tana aiki, da wuya a ce ba a taɓa sauya mata aksul ba. Giyar cikin aksul kuwa iri-iri ce: a Land Cruiser akwai 4.11 akwai 3.70, a Hilux akwai 4.30 da 4.56 da 4.88. Idan aka sa wa mota aksul na baya da bai dace da na gaba ba, muddin tana tafiya da ƙafa biyu babu wanda zai sani. Ranar da aka sa karabo, gaba na ja da nasa gudu, baya na turi da nasa, akwatin da ke tsakani shi ke shan wahala har ya fashe. Mai mota ya sayo wani a ɗaura, bayan 'yan makonni shi ma ya bi sahu, sai a ɗora laifi a kan mai sayar da kaya. Makanikin da ya san aikinsa, kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya, yakan ɗaga motar ya yi alama da alli a taya da sanda, ya juya ya ƙirga, gaba da baya. Aikin da bai wuce na 'yan mintoci ba.

Samun kayan ma ya zama wani abu. Tun faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 sababbin kayan gyara suka yi wa talaka nisa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya sake toshe hanyar Kano da ta Kwatano gaba ɗaya, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane irin wannan tsaiko yana nufin mota ta daɗe a kan duwatsu a gareji, ƙauyen da ta saba zuwa kuma ya koma ga amalanke da babur. Babur na iya ɗaukar mutum ɗaya da ɗan kaya, amma ba ya ɗaukar mara lafiyar da ba ya iya zama.

Irin wannan matsi ne ke sa wasu su ɗauki gajeriyar hanya. A cire sandar gaba a ajiye, a bar mota da ƙafa biyu, ko a yi wa giyar ciki walda ta tsaya wuri ɗaya. Da babu gara ba daɗi, in ji masu yi. Matsalar ita ce irin wannan mota takan shiga kasuwa da sunan kat-kat, da sandar karabonta a tsaye kusa da giya kamar gaske, mai saye ba zai gane ba sai ya shiga yashi. Don haka duk mai niyyar sayen tsohuwar mota a wannan yanki, ya durƙusa ya leƙa ya tabbata sandunan biyu na nan, ya sa a kwance bakin mai ya taɓa da yatsa. In ya ga man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In ya ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, haƙora sun fara ci. Sannan ya fita da ita bayan gari ya gwada babbar giya da ƙarama, ya ɗaga ƙafa daga totur a gangare ya ga ko sandar za ta fice da kanta.

Sababbin motocin da ke shigowa sun zo da nasu salon. Hilux da ta fito daga 2015 ba ta da sandar karabo, wani ɗan maɓalli ake murzawa, ƙaramin injin lantarki da kwamfutar mota su yi sauran aikin. Akwatin irin wannan ba ya dasuwa da sifana da guduma kaɗai, sai an haɗa da wayoyi da na'urar gwaji, waɗanda ƙananan gareji na ƙauye ba su da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu jigilar daji a Tasawa da Mayahi ke riƙe da tsofaffin nasu, musamman Land Cruiser mai injin gas 1HZ da ya fito a 1990, wanda Toyota ta ci gaba da sa shi a samfurin 70 da take sayarwa a Afirka shekaru masu yawa bayan haka, abin da ya sa kayansa suka fi na sauran sauƙin samu.