Idan ma'aunan aiki sun ɓace a Windows Server: dalilai da hanyar gyara

A bankuna, asibitoci da ma'aikatun gwamnati, ana ajiye bayanai ne a babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda masu Faransanci ke ce wa serveur. Ma'aikacin da ke kula da ita yana gane lafiyarta ta hanyar ma'aunan aiki: nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar, ragowar RAM, da saurin faifan ajiya. A Windows Server, manhajar Performance Monitor ce ke nuna su, kuma ana buɗe ta da umarnin perfmon.

Wani lokaci ma'aunan kan ɓace, ko a ga lambobi zalla a wurin sunayensu. Sabar tana ci gaba da aiki, shi ya sa ba a saurin lura. Amma manhajojin sa ido irin su Zabbix da PRTG sun dogara da waɗannan ma'aunai, don haka faifai na iya cika ko na'ura ta yi nauyi ba tare da gargaɗi ya iso ba, sai ranar da aiki ya tsaya cak.

Windows na adana sunayen ma'aunan a rajistarta, ƙarƙashin Perflib, da kuma fayiloli kamar perfc009.dat a cikin System32. Kowane ma'auni yana da lamba da suna. Idan wata manhaja ta shiga ko ta fita ba daidai ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka ta, jerin na iya lalacewa. Haka kuma Windows da kanta kan kashe rukunin ma'aunan da ke yawan kawo kuskure.

Kafin a taɓa komai, a fara tabbatar da cewa ɓacewa suka yi da gaske. Wannan ya fi shafar Nijar, Chadi da Kamaru, inda ake yawan amfani da Windows ta Faransanci. Sunayen ma'aunai suna bin harshen na'urar: jerin Ingilishi na da lamba 009, na Faransanci kuma 00C. Abin da ake kira Processor a ɗaya, Processeur ne a ɗayan. Manhajar da aka tsara da sunan Ingilishi za ta ce ba ta ga ma'aunin ba, alhali yana nan. Umarnin typeperf -q zai jero duk ma'aunan da ke akwai. Idan suna cikin jerin, maganin shi ne a yi amfani da lambobinsu, misali 238 ga Processor da 6 ga % Processor Time, ko mabuɗin perf_counter_en na Zabbix.

Abu na biyu shi ne izini. Mai duba sabar daga nesa yana buƙatar kasancewa cikin rukunin Performance Monitor Users ko na masu gudanarwa, kuma hidimar Remote Registry ta kasance a kunne.

Idan ba harshe ba ne kuma ba izini ba, sai a leƙa Event Viewer, sashen Application. Saƙonnin Perflib masu lamba 1008 ko 1023, da na LoadPerf masu lamba 3011 ko 3012, sukan ambaci hidimar da ke da matsala. Daga nan a buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa, a rubuta lodctr /q. Duk rukunin da aka nuna a kashe, ana kunna shi da lodctr /e: tare da sunansa, misali lodctr /e:PerfDisk. A rajista, ƙimar Disable Performance Counters da ke ƙarƙashin Performance na hidimar ya kamata ta zama 0.

Idan jerin ne ya lalace, sai a sake gina shi. Da farko a ajiye kwafi da lodctr /s: da sunan fayil, domin a samu wurin komawa. Sannan a shiga C:\Windows\System32 a rubuta lodctr /R, a maimaita a C:\Windows\SysWOW64 saboda manhajoji masu bit 32. Bayan haka a rubuta winmgmt /resyncperf domin WMI ta ɗauki sabon jerin, a sake kunna hidimomin pla da winmgmt, a rufe perfmon a sake buɗewa. Ya fi kyau a yi wannan a lokacin da ma'aikata suka tashi, domin tsayar da winmgmt na shafar hidimomin da suka dogara da ita.

Wasu manhajoji na da nasu ma'aunan. Na SQL Server, alal misali, ana cire su da unlodctr MSSQLSERVER, a maido su da lodctr daga fayil ɗin perf-MSSQLSERVERsqlctr.ini da ke cikin Binn. Idan kuma bayanin faifai ne kawai ba ya fitowa a Task Manager, kamar yadda ake gani a Windows Server 2012 R2, umarnin diskperf -Y ya wadatar.

Domin kauce wa maimaituwar matsalar, a haɗa sabar da UPS, wato onduleur, a riƙa ajiye kwafin jerin kafin girka manyan manhajoji, kuma a saita manhajar sa ido ta yi gargaɗi idan bayanai suka daina zuwa. Shirun ma'auni ba shaida ba ce cewa sabar tana lafiya.