Haƙƙin Mallakar Abin da Aka Ɗora a Intanet: Misali daga Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

A yau ɗalibin adabin baka yakan tsinci abin nazarinsa a Facebook ko YouTube tun kafin ya ji shi daga bakin mai shi. Don haka ya zama wajibi ya san ko na wane ne abin da ya tsinta. Wannan takarda za ta duba batun ta hanyar kawo misali daga ƙauyukan Hausawa na Jazira da yankin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan.

2.0 Hausawan Yankin

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa wannan yanki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya jawo ƙarin Hausawa, da yawansu 'yan ƙwadago. Jikokinsu ne a yau suke ɗaukar bukukuwa da wa'azi da waƙoƙi a waya suna ɗorawa a intanet.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Sudan ta shiga a 2000, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ga wanda ya ƙirƙiri aiki ba sai ya yi rajista ba. A ɗauka wani matashi a Mai Wurno ya ɗauki bidiyon zabiya tana waƙa a gidan biki. Hoton bidiyon nasa ne. Waƙar kuwa, idan zabiyar ce ta tsara ta, tata ce, kuma ɗaukar da aka yi ba ta raba ta da ita ba. Idan gadajjiyar waƙa ce da ba a san mafarinta ba, ƙasashen Afirka da dama sukan miƙa ta ga hukuma: tsohuwar dokar Sudan ta 1996 ta ɗauki irin wannan gado a matsayin mallakar gwamnati, ta Nijeriya ta 2022 kuma ta damƙa kula da shi ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Ke nan a bidiyo guda ana iya samun masu haƙƙi biyu ko uku.

4.0 Matsayin Kamfani

Sharuɗɗan Facebook da YouTube sun yarda cewa abin da mutum ya ɗora nasa ne. Sai dai da zarar ya amince da su, ya bai wa kamfanin izinin adanawa da kwafa da yaɗa abin a ko'ina a duniya ba tare da biyansa ladan mallaka ba. Kamfanin kuma yana da ikon sauke shi ko rufe shafin baki ɗaya.

Manoman Jazira sun san irin wannan tsari. Lokacin kafa shirin auduga, gwamnatin Turawa ta karɓi gonaki haya a kan tilas na tsawon shekara 40. Sunan mai gona bai fita daga takarda ba, amma hukuma ce take faɗin abin da za a shuka da lokacin sakin ruwa. Wato mallaka daban, iko daban. Ita kuwa zabiya, wadda ba ta ma san da sharuɗɗan ba, ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5.0 Abin da ke Cikin Haɗari

A Yuli da Oktoba na 2022, rikicin ƙabilanci a Rusairis da Wad al-Mahi ya halaka ɗaruruwan mutane, ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya isa Wad Madani a Disamban shekarar. Wanda ya rasa wayarsa a gudun hijira, abin da ya ɗora a intanet ne kaɗai ya rage masa, alhali ajiyar tana hannun wani. An ga illar haka a 2017, lokacin da YouTube ya sauke dubban bidiyoyin yaƙin Siriya saboda na'urarsa ta ɗauke su a matsayin yaɗa ta'addanci. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi irin su Sudanese Archive suke kwafe bidiyoyin Sudan suna adanawa a wajen waɗannan kafofi.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana shawartar ɗalibi da abubuwa uku. Na farko, ya nemi izinin wanda ya ɗauka da na wanda aka ɗauka, domin kasancewar abu a bainar jama'a bai mai da shi na kowa ba. Na biyu, ya rubuta sunan mawaƙi da garinsu da shekarar ɗauka. Na uku, ya ajiye kwafi a wajen intanet, ya kuma mayar da ɗaya ga mutanen da abin ya fito daga wurinsu.